Faifai ɗaya, kwamfutoci iri uku: yadda aka tayar da ɗakin koyon kwamfuta a Mai Wurno

Mai Wurno gari ne na Hausawa da Fulani a ƙasar Sudan, kudu da Sinnar, a gaɓar kogin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A shekarar 2017 wani kwamitin unguwa a garin ya samu gudummawar kwamfutoci na hannu guda goma sha huɗu daga 'yan garin mazauna Saudiyya, domin a buɗe ɗakin koyon kwamfuta a wata makarantar dare. Kayan sun iso lafiya, amma babu wadda za a iya zama a kanta a fara aiki. Wasu an goge rumbunansu tas kafin a sayar, wasu na neman kalmar sirrin ofishin da aka kwaso su, wasu kuma sun tashi amma cike da tarkacen masu su na da. Dole kowace a ɗora mata babbar manhaja sabuwa, irin su Windows.

Kwamfutocin iri uku ne. Akwai tsofaffin na tebur masu Pentium 4 guda biyar, RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, tsakanin megabait 512 da gigabait 1, da sitikar lasisin Windows XP a jikinsu. Akwai masu Core 2 Duo guda shida, RAM gigabait 2, da sitikar Windows 7 Professional. Sai laftof uku masu Core i5 da RAM gigabait 4, su ma da sitikar Windows 7 Professional.

Wanda aka ɗauko ya yi aikin muhandis ne, wato injiniya, ɗan garin, amma shagonsa na Wad Madani, tafiyar sama da kilomita 100. Ba mutum ne da za a kira duk ranar da yaro ya lalata wani abu ba. Shi ya sa shugaban kwamitin, wani dattijo da ya yi aikin akawu a zamaninsa, ya kafa masa sharaɗi tun ranar farko:

"Muhandis, ba na son ka bar mana tarin faya-fayai. Yau wannan ya ɓace, gobe wancan ya karce. Guda ɗaya za ka bar mana, wanda malamin ɗakin zai saka a kowace na'ura ta tashi."

"To, Baba. Amma filash fa? Ya fi sauri."

"Filash ɗin da duk wanda ya ara sai ya dawo da shi da cuta?"

Dattijon bai san sunan cutar ba, amma hujjarsa ta fi ta muhandis ƙarfi. A wancan lokaci bairas ɗin nan mai ɓoye fayil-fayil ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu ya cika shagunan buga takardu da wuraren kwafar karatu da waƙoƙi. Filash abu ne da ake rubutu a kansa a duk na'urar da aka soka shi. Faifan DVD-R kuwa da zarar an buga shi an rufe, babu abin da zai ƙara shiga cikinsa, ko da an saka shi a kwamfutar da ta fi kowace ruɓewa. Ga kuma hujja ta biyu da ta fito bayan an gwada: uku daga cikin masu Pentium 4 ba sa tashi daga filash ko kaɗan, BIOS ɗinsu, wato shirin farko da ke tayar da na'ura, bai san wannan hanyar ba. Sauke manhaja daga intanet duk lokacin da aka buƙata kuwa ba zance ba ne. Data na da tsada, layin na yankewa, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, sannan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan tun 1997 ya sa shafukan kamfanoni da dama na rufe ƙofa ga duk wanda ya shigo daga ƙasar. Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage mafi yawan takunkumin.

Akwai gajeriyar hanya, kuma wani ɗan kwamitin ya kawo ta: a kasuwa ana sayar da faifan da aka rubuta masa "duk Windows a wuri ɗaya", da araha. Muhandis ya ƙi, kuma a ganina ya yi daidai. Irin waɗannan faya-fayan wani ne da ba a sani ba ya buɗe su, ya cire abin da ya ga dama, ya cusa manhajar karya lasisi, wani lokaci da abin da ya fi haka muni. Tunda kowace na'ura a ɗakin na da lasisinta a manne a jiki, babu dalilin fara tarbiyyar ɗakin karatu da kayan sata. Ya samo kwafin asali, ya lissafa lambar tantancewa ta SHA-1 ta kowanne ya gwada da wadda Microsoft ta wallafa, ya yi haka ga Lubuntu, wata babbar manhajar daban, da lambar da masu ita suka fitar. Lamba ɗaya tak ta saɓa, an taɓa fayil ɗin ke nan ko ya lalace a hanya.

Lissafin wuri

Faifan DVD da aka rubuta wa 4.7 a jiki, bait biliyan 4.7 ake nufi. A irin ƙidayar da Windows ke yi, gigabait 4.38 ne kawai. Mutane da yawa sun yi asarar faifai a kan wannan ɗan bambancin. Abin da ake son dannawa a ciki kuwa: Windows 7 mai bit 32, kimanin gigabait 2.4, mai bit 64, kimanin 3.1, Windows XP, kimanin megabait 600, sai Lubuntu 16.04, wani Linux mara nauyi da ya dace da tsofaffin na'urori, ƙasa kaɗan da gigabait 1. Jimilla wajen gigabait 7.

Faifai mai hawa biyu, wanda ake rubuta wa 8.5, zai ɗauke su duka. An ajiye wannan shawara da wuri. Ya fi tsada, ba a cika samunsa a kusa ba, bugunsa na yawan lalacewa a daidai inda ake tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu, sannan tsofaffin na'urorin karanta faifai da ƙura ta cika idonsu su ne suka fi kasa karanta hawa na biyun. Faifan da zai bar ka a tsakiyar aiki bayan ka riga ka goge rumbu ya fi rashin faifai illa.

Sai muhandis ya koma ga dabarar da masu sana'ar suka daɗe da sani. Tun daga Windows Vista, duk manhajar tana ƙunshe ne a fayil guda mai suna install.wim, a cikin foldar sources. Tsarin WIM yana da wata ɗabi'a mai amfani: idan fayil iri ɗaya ya bayyana sau goma, sau ɗaya yake ajiye shi, sauran tara nuni kawai yake yi zuwa gare shi. Shi ya sa faifan Windows 7 guda yake ɗauke da Home Basic da Home Premium da Professional da Ultimate ba tare da ya ninka girma ba. Wani ɗan ƙaramin fayil mai suna ei.cfg ne ke ɓoye sauran, idan aka cire shi sai jerin ya bayyana. Mai bit 64 kuma yana ɗauke da tarin fayil-fayil na bit 32 a cikinsa domin tsofaffin manhajoji su yi aiki. Don haka idan aka yi amfani da kayan aikin Microsoft, ImageX ko DISM, aka zuba mai 64 a cikin install.wim na mai 32, abubuwa da yawa sai su haɗe. Gigabait 5.5 ya sauko zuwa kusan 4.

Dabarar ta yi aiki, amma ba ta kai su gaci ba. Abin da ya rage a faifan bai kai rabin gigabait ba, ba zai ɗauki XP ba balle Lubuntu. Wato an samar wa na'urori tara hanya, an bar biyar ɗin da suka fi kowa buƙatar faifan. Akwai kuma naƙasu: faifan da aka haɗa haka da injin ɗorawa na bit 32 yake tashi, kayan gyaransa ba sa gyara Windows mai bit 64 idan ta ƙi tashi. Ana iya ƙara matse install.wim zuwa tsarin ESD, amma injin ɗora Windows 7 bai san shi ba, sai an aro na Windows 10, kuma warware wannan matsi yana cin RAM da lokaci a na'ura mai rauni.

A nan ne aka sake tambayar daga tushe. Ba "yaya za a danna komai a faifai ɗaya" ba, a'a, "wace na'ura ce ba ta da wata hanya sai faifai?" Laftof ukun ne kaɗai ke buƙatar bit 64, domin Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da gigabait 4 gaba ɗaya, uku da 'yan kai take gani. Su kuwa laftof ɗin suna tashi daga filash ba gardama, ɗaya ma ba ta da wurin saka faifai sam. Da aka cire mai 64 daga lissafi, sai ya zama 2.4 da 0.6 da 0.9, kimanin 3.9. Ya shiga, har da rara. Aka yi wa laftof ɗin filash nasu da manhajar Rufus, aka kulle shi a durowar shugaban kwamiti, da sharaɗin ba a ara wa kowa. Dattijon ya ɗan yi ƙorafin cewa ɗaya ya ce, ga shi an ba shi biyu, amma ya karɓa.

Batun XP ya fi wannan zafi. Microsoft ta daina tallafa masa tun 8 ga Afrilun 2014, kuma a watan Mayun 2017 bairas ɗin WannaCry ya bi ta wata kafa a tsarin musayar fayil na Windows ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila. Muhandis ya so a bar XP gaba ɗaya, a sa Lubuntu a duk masu Pentium 4. Malamin ɗakin ya ce shi XP ya iya, kuma tsohuwar firintar da ofishin makarantar ke buga jarrabawa da ita ba ta da direba, wato manhajar da ke sa ta aiki, sai na XP. Aka tsaya a tsakiya: na'ura ɗaya ta ofis ta zauna da XP, ba a haɗa ta da intanet ko da sauran kwamfutocin ba, huɗun su ɗauki Lubuntu da LibreOffice, waɗanda suka isa koyon buga rubutu da lissafin jadawali. Ni da zan yanke hukunci, da na nemo wa firintar hanya ta Linux na huta. Amma wanda zai zauna da na'urar kullum shi ne malamin, ba muhandis ba, kuma kayan aikin da mai shi ke tsoro ba ya daɗewa ana amfani da shi.

Inda wahalar take

Wuri ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne tayar da na'ura. Ƙa'idar da ke ba kwamfuta damar tashi daga faifai sunanta El Torito, kamfanonin Phoenix da IBM suka fitar da ita a 1995. A rubuce ta yarda faifai ya ɗauki hanyoyin tashi da yawa, amma a aikace yawancin BIOS ta farko kawai suke bi. Kowace babbar manhaja kuma an gina faifanta ne da zaton ita kaɗai ce a ciki. Maganin shi ne a yi wa faifan zaure: BIOS ya shigo ta ƙofa ɗaya ya tarar da wani ɗan shiri mai jerin zaɓi, shi kuma ya nuna wa baƙo ɗakin da zai shiga. Muhandis ya zaɓi GRUB4DOS, ya sa fayil ɗinsa grldr a matsayin abin da BIOS zai fara ɗauka.

Tunanin da ke fara zuwa wa kowa shi ne a jera fayil ɗin ISO uku, wato kwafin faifan kowace manhaja a dunƙule, a faifan yadda suke, a ce wa GRUB4DOS ya buɗe wanda aka zaɓa. Yana iya yin haka, yana ƙirƙirar faifan ƙarya ya nuna wa na'ura. Matsalar ita ce wannan faifan ƙarya a kan hidimomin BIOS yake tsaye. Da zarar Windows ta miƙe ta karɓi ragamar na'urar da direbobinta, ta daina tambayar BIOS komai, sai faifan ya ɓace mata. XP ya faɗi da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Windows 7 kuma ta tsaya tana cewa ba ta ga direban na'urar faifai ba, saƙon da ke sa mutane yawon neman direban da ba shi ne matsalar ba. Don haka dole a warware kowane ISO a zube kayansa a faifan kai tsaye, yadda kowace manhaja za ta tarar da foldarta a inda ta saba.

Sa'ar da aka yi ita ce ba su cika cin karo ba. XP foldar I386 yake nema da wasu 'yan fayil-fayil na shaida masu fara da WIN51. Windows 7 na neman bootmgr da boot da sources. Lubuntu na neman casper da wata ɓoyayyiyar folda mai suna .disk, wadda sau da yawa ake mantawa da ita wajen kwafa domin ba ta bayyana. Foldar boot suna tarayya a kanta da Windows 7, amma abin da ke ciki daban ne, sai a haɗe su. Setup.exe da autorun.inf na XP ne suka yi karo da na Windows 7, aka watsar da na XP tunda ba a buƙatarsu idan daga faifan za a tashi. Da a ce XP iri biyu ake so, misali Home da Professional, da aikin ya ninka, domin duka biyun I386 suke nema. Sai an sauya wa ɗaya suna mai haruffa huɗu, an shiga cikin setupldr.bin an gyara sunan da hannu. XP ɗaya ya raba su da wannan.

Abin da ya fi cin lokaci ƙarami ne a ido: tsarin rubuta sunayen fayil. Faifan Windows 7 na asali da tsarin UDF aka yi shi. Shirin da ke tayar da XP bai san UDF ba, tsohon tsarin ISO 9660 kawai yake karantawa, kuma da manyan haruffa. Sai an gina faifan da tsarin biyu a lokaci guda, kowa ya karanta wanda ya iya, sannan an tabbatar sunayen da ke cikin jerin zaɓi sun yi daidai da na faifai harafi da harafi, babba da ƙarami. Duk gwajin nan a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, aka fara yin sa, sannan a faifan DVD-RW mai goguwa, kafin a taɓa DVD-R. VirtualBox na nuna ko jerin zaɓi ya yi daidai, amma ba ya nuna halin tsohuwar na'ura mai datti a ido. Wannan sai an je kanta. An buga na ƙarshe a hankali, a gudun 4x, aka sa manhajar bugun ta sake karanta shi ta tantance. Aka yi kwafi biyu.

Rarar wurin da ta saura an cika ta da abin da ya fi amfani. Direbobin katin intanet da na sauti da na hoto na masu Core 2 Duo, domin Windows ɗin da ba ta ga katin intanet ba ba ta da hanyar nemo sauran. Facin MS17-010 da Microsoft ta fitar a Maris 2017, wanda ke toshe kafar da WannaCry ya bi, tunda kwafin Windows 7 ɗin na 2011 ne, bai san da shi ba. Memtest86+ na gwada RAM, wanda bai kai megabait ɗaya ba. Da Plop Boot Manager, ɗan shirin da ke tashi daga faifai sannan ya miƙa wa filash ragama a na'urar da BIOS ɗinta bai iya ba. An so a ƙara Windows 7 ta Turanci kusa da ta Larabcin da aka saka, domin Professional ba ta karɓar cikakken kunshin sauya harshe kamar Ultimate, kuma kunshin Hausa da Microsoft ta yi wa Windows 7 a kan ta Turanci yake hawa. Amma ɗaliban da Larabci suka yi makaranta, da shi suke karatu, sai aka bar wa direbobi wurin.

Abin da ya faru a ɗakin

Ranar ɗorawa abubuwa biyu suka fito waɗanda babu gwajin da ya nuna su. Biyu daga cikin masu Pentium 4 na'urar CD ce a jikinsu, ba ta DVD ba. A fuska kamarsu ɗaya, sai an karanta ɗan rubutun da ke bakin tiren. Faifan da aka sha wahalarsa ko juyawa bai yi ba a cikinsu. Aka ciro na'urar DVD daga wata, aka riƙa ɗaura ta da wayar IDE a kowace har aka gama, daga baya aka sayo ta hannu guda ɗaya aka ajiye don haka. Sai wata mai Core 2 Duo da ta riƙa tsayawa a tsakiyar kwafar fayil, kowane karo a wuri daban. Da faifan ne ya karce, a wuri ɗaya za ta riƙa tsayawa. Memtest86+ ya cika allo da jan layi cikin 'yan mintoci: sandar RAM ɗaya ce ta lalace.

Na uku ya zo bayan muhandis ya koma Madani. Wani ɗalibi mai taimaka wa malamin ya zaɓi XP a kan mai Core 2 Duo, ya samu shuɗin allon 7B, aka yi waya a firgice cewa faifan ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. XP bai zo da direban rumbun SATA mai aiki a tsarin AHCI ba, kuma ya faɗi tun kafin ya taɓa rumbun, don haka ba a yi asarar komai ba. Amma ya nuna gibin da ke cikin aikin: jerin zaɓin da haruffan boko aka rubuta shi, sunaye ne da muhandis ya sani, ba mutanen ɗakin ba. Rubuta shi da Larabci a wannan baƙin allon na farko aiki ne mai wuya, haruffan ba sa haɗuwa kuma suna juyewa. Sai aka sake buga faifan da lambobi manya a gaban kowane zaɓi, aka bi kowace kwamfuta aka rubuta mata lambarta da fenti a gefe: 1 ga Windows 7, 2 ga Lubuntu, 3 ga na'urar ofis ita kaɗai. Aka manna takarda da Larabci a bango mai matakan da za a bi, na farkonsu a kwashe aikin ɗalibai kafin a goge komai. Daga nan malamin ya riƙa tayar da duk wadda ta lalace da kansa, kiran Madani ya koma na abin da ya ƙone ko ya karye.

Wanda zai yi irin wannan aiki yau ba zai bi wannan doguwar hanya ba. Windows 7 ta rasa tallafi a 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ta bi ta a 14 ga Oktoban 2025, kuma kwafin Windows na yanzu ya fi ƙarfin DVD mai hawa ɗaya shi kaɗai, install.wim ɗinsa ma ya haura gigabait 4 ɗin da tsarin FAT32 na filash ke iya ɗauka a fayil guda. A 2020 Ventoy ya fito, kyauta: a shirya filash sau ɗaya, a riƙa zuba masa ISO yadda suke, shi ya san yadda zai sa faifan ƙaryar ya ci gaba da bayyana bayan manhajar ta miƙe, a BIOS da magajinsa UEFI duka. Matsalar dattijon ce kawai bai warware ba, domin har yanzu filash ne, ana rubutu a kansa. Sai dai a nemi irin mai ɗan makunnin hana rubutu a gefe. Masu Pentium 4 kuwa zaɓinsu ya ƙara ƙuntata. Lubuntu 18.04 ce ta ƙarshe mai dogon tallafi da ta fito da bit 32, wani Linux ɗin, Debian 12 ta 2023, na da shi, amma Debian 13 ta 2025 ta daina fitar da kunshin ɗorawa na irin waɗannan na'urori.